Sai Bayan Biki

Da hantsi Tome mai awara ta tsaya a ƙofar gidan Isogai, ɗaurin fararen ƙyallaye a hammatarta. Ba ta shiga ba, daga waje ta ɗaga murya.

"Masu gida! Kinu-chan, fito ki karɓi naku."

Kinuyo ta fito tana goge hannu. Kafin ta iya gaisuwa sai da ta dafa ƙofa, ta jira tarin ya sake ta.

"Har yanzu?" in ji Tome.

"Da sauƙi."

"In wannan ne sauƙin, kada in ga tsananin. Ungo. Kowane gida ƙyalle ɗaya, ga lambar gidanku a gefe. Ki rataye shi a bakin rufi kwana bakwai. Kada a taɓa, kada a kaɗe. Rana ta takwas mu kwashe su, duka sittin da biyu, mu je mu shimfiɗa wa magajin gari a kan teburinsa, ya ga abin da muke shaƙa. Ni dai na gaji. In fito da awara fara sol, kafin in kai ƙarshen layi ta yi gemu."

Gidan Isogai shi ne na ƙarshe a layin. Daga shi sai katangar Kamfani. A unguwarmu ba a faɗin sunansa, Kamfani kawai ake cewa, kamar yadda ake cewa teku. Bututun hayaƙinsa shida ne, ba sa hutu, kuma in iska ta juyo daga kudu har shinkafar cikin tukunya sai ta ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shozo, mijin Kinuyo, shekararsa tara yana aiki a ciki.

Rana ta bakwai ƙyallen ya koma kamar tsumman goge gindin tukunya. Matsu, uwar mijin, ta sauke shi da yatsa biyu.

"Wannan za ki miƙa wa mutane?"

"Inna, haka suka ce a bar shi."

"Suka ce! A gidan ubanki in maƙwabciya ta aiko da abinci, da dattinsa kuke mayar da kwanon? A je a baje wannan gaban magajin gari, da lambar gidanmu a jiki, a ce ga ƙazaman Isogai? Ɗauko sabulu."

"Ai ba ƙazantarmu ba ce."

"Ta wace ce? Faɗi mana. Ta wanda ke cika miki tukunya?"

Kinuyo ta wanke shi sau uku, ta goge da dutsen guga, ta ninke. Matsu ta ɗora lemo biyu a kai, don ba a mayar da kayan maƙwabci haka kawai.

Da Tome ta zo karɓa, ta dubi ƙyallen, ta dubi lemon. Ta fara dariya, sai ta fasa.

"Kinu-chan, naku nake jira in sa a gaba."

An riga an kai wa ofis lissafin gidajen, ba halin a cire ɗaya. Ranar da aka shimfiɗa su, baƙaƙe sittin da ɗaya da fari guda, wakilin Kamfani ya ratsa duka ya ɗauki farin. Ya ɗaga shi sama, ya karanta lambar, ya ce wannan gida taku goma ne daga katangarsu, shin hayaƙin nasu zaɓen gida yake yi? Ma'aikatan ofis suka yi dariya a tafin hannu. Da yamma Shozo ya dawo da kwalbar giyar shinkafa, kyautar shugaban sashensu.

Da damina ta kama a watan Yuni, tarin ya canja. Ya daina fita. Sai ƙirjin ya riƙa kuka kamar ana busa ƙaramin usur a ciki, kuma iskar da ta shaƙa ta ƙi komawa waje. Kinuyo ta daina kwanciya, a zaune take barci da goshinta a kan gwiwa. Wata safiya ta faɗi a bakin rijiya, maƙwabta suka kai ta wurin tsohon likitan layin kasuwa.

"Ba tarin fuka ba ne," in ji likitan. "Asma ce, irin ta unguwarku. Na ga talatin kafin ke."

Ya ba ta ɗan famfon roba mai fesa magani a maƙogwaro, ya ce kada ta wuce matsa shida a rana. Sannan ya zaro takarda.

"Famfon nan lallashi ne kawai. Hukumar gari ta buɗe jerin masu wannan ciwo. Wanda ya shiga, magani kyauta, kuma a babban asibiti akwai ɗaki mai injin tace iska. Can ya kamata ki kwanta, tun jiya ma. Na cike komai. Ki kai wa maigidanki ya buga hatimin gida a cikin wannan da'irar, shi ke nan."

Da'irar ba ta fi ƙwandalar yen ɗaya ba.

Ta bari sai da aka ci abincin yamma, ta kwashe kwanuka, sannan ta ajiye masa takardar da hannu biyu. Matsu na zaune, da Harue, ƙanwar Shozo, wadda aka sa bikinta a watan Nuwamba. Shozo ya karanta sau biyu.

"Wannan jerin, wa ke ganinsa?"

"Likita ya ce hukuma."

"Abin da hukuma ta gani da safe, Kamfani ya gan shi kafin rana ta take. Akwai wani a sashenmu, matarsa ta shiga. Yanzu gadin sito yake yi."

"Bar ma ta aiki," in ji Matsu. "Dangin mijin Harue za su fara bincike cikin watan nan. Gidan malaman makaranta ne, ba sa wasa da asali. Su ji akwai mai ciwon ƙirji a gidan, har da takardar hukuma, wa zai tsaya bambance musu asma da fuka? Ƙirji ƙirji ne. Su fasa, mu sa yarinya a ina?"

Harue ta sunkuyar da kai, tana wasa da tsinken cin abinci.

"Ba cewa na yi ba zan buga ba," in ji Shozo, yana ninke takardar. "Sai bayan biki. Wata biyar ne kacal."

"Wata biyar," in ji Kinuyo.

"Kin yi shekara biyu da shi, wata biyar ne zai gagare ki? Ni ma warin nan ba daɗinsa nake ji ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Da can hatimin yana cikin aljihun tebur, ƙarƙashin akwatin magabata, inda ake kunna wa mamatan gida turare. Daga ranar Matsu ta cusa shi cikin ɗamararta.

Ɗakin Kinuyo yana kan titi, bangon kuwa katako ne, duk mai wucewa yana jin tarinta. Masu binciken aure kuma ba ƙofa suke fara ƙwanƙwasawa ba, wucewa suke yi a hankali, su tsaya sayen taba, su tambayi mai kanti. Saboda haka aka mayar da shimfiɗarta ɗakin ajiya na baya, tsakanin gangunan kayan tsami. Taga ɗaya gare shi, tana kallon katanga.

"Nan ya fi shiru," in ji Matsu. "Za ki fi samun barci."

A tsakiyar Yuli gwaggon ango ta aiko cewa za ta zo shan shayi. Tun safe Kinuyo ta goge tabarmi, ta wanke dakali, ta jera kofuna. Da lokaci ya yi Matsu ta raka ta har ɗakin baya.

"Na ce musu kin je ganin gida. Saboda haka ba kya nan. Wanda ba ya nan kuwa ba ya tari. Kin ji ko?"

Ta ja ƙofar ta rufe.

Tsakaninta da baƙuwar ƙofofin takarda biyu ne. Tana jin ƙarar kofi a kan faranti, tana jin gwaggon tana yabon lambun gidan, wanda ganyensa ya ƙone tun bara. Sai aka kunna turare a gaban akwatin magabata, don baƙuwa ta gaida marigayi maigida, mijin Matsu. Hayaƙin ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa.

Kinuyo ta cusa tawul a baki ta cije. Tarin ya taso, ta danne shi, ya sake tasowa ta hanci da ido. Famfon yana da 'yar ƙara in an matsa, sai ta shige cikin bargo da shi, a wannan zafin, ta matsa a ciki. Ta wuce shida. Ta daina ƙirga a tara. Can wani tari ya murɗe mata ciki har fitsari ya kuɓuce mata, ta zauna a kai ba ta motsa ba, don tabarmar tana ƙara.

Awa biyu baƙuwar ta yi.

Bayan ta tafi Harue ta shigo da ragowar alewar wake a faranti. Ta ga tawul ɗin, ta ga tabarmar, ta durƙusa.

"Yaya, ki yafe ni."

Sai da Kinuyo ta tara numfashi.

"Ta yaba ki?"

"Ta ce na iya haɗa shayi."

"To, an yi abin kai."

"Ranar da aka kai ni, da hannuna zan sa shi ya buga. Na rantse miki."

"Buɗe min tagar," in ji Kinuyo. Harue ta buɗe, warin ya shigo, ta sake rufewa.

Matan unguwa ba su zauna ba. Da maganar ƙyalle ta rushe, sai suka koma jami'ar jiha. A farkon Satumba allon sanarwa mai zagaya gida-gida ya iso hannun Kinuyo, ta tsaya a soro ta karanta. Likitocin jami'a za su zo makarantar firamare, kwana uku, su duba kowa. Wanda suka tabbatar za a sa shi a jerin kai tsaye. A ƙasa an ƙara layi ɗaya da rubutun Tome mai kama da tafiyar ƙaguwa: ba a buƙatar hatimin kowa.

Washegari Tome ta zagayo ta bayan gida, ta ƙwanƙwasa tagar.

"Kin gani? Sau huɗu muna zuwa. Muka zauna musu a baranda da ƙunshin shinkafarmu har suka gaji da ganin fuskokinmu. Saboda irinki na sa aka ƙara layin nan. Ki zo ko da rarrafe. In ba ki zo ba, da amalankena zan zo in ɗauke ki kamar awara."

Kinuyo ta yi dariya, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta biya kuɗin dariyar da tari.

Amma allo ba ya wuce gida sai maigida ya gani. Saura kwana uku likitoci su zo, Shozo ya dawo da sabon ɗankwalin wuya a takarda, da tikitin jirgin ƙasa.

"Kin rame," ya ce, bai dube ta ba. "Ki je wurin yayanki Eikichi a kan dutse, ki sha iska."

"Na gode. Bari likitoci su zo su tafi tukuna."

"Tikitin na gobe ne."

"Ai kwana uku ne kawai, Maigida."

"Ku ji mace!" in ji Matsu. "Ana mata gata tana ciniki. Ni shekara arba'in a gidan nan, wa ya taɓa saya mini tikiti? Ki tsaya a layi gaban unguwa duka ki buɗe wa samarin likitoci ƙirji, dangin ango suna da kunne a kowane kanti?"

Shozo ya ɗauki hutun rabin yini, abin da bai yi ba ko ranar da aka yi ta'aziyyar kawunsa. Shi ya riƙe mata jaka har tasha, ya zaunar da ita kusa da taga, ya tsaya a dandamali har jirgin ya tashi. Wata tsohuwa da ke kusa da ita ta ce, "Kin yi sa'ar miji." Kinuyo ta dubi tikitin. Na zuwa ne kawai.

Rana ta uku a kan dutse ta farka ta ga rufin ɗaki. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta gane abin da ya ba ta mamaki: a kwance ta kwana. Cikin mako guda ta fara ɗebo ruwa daga rafi. Cikin mako biyu ta hau gangara da ɗaurin itace a baya, ta tsaya a sama tana haki irin na mai lafiya, wanda ke wucewa da kansa. Famfon yana cikin jaka, ba ta taɓa shi ba.

Eikichi mai ƙona gawayi ne, ɗaki biyu gare shi da baki bakwai. Bai tayar da maganar komawarta ba sai ranar da katin wasiƙa ya zo daga Matsu, da tikitin dawowa. Layi biyu ne. Katifun amarya ba a ɗinka ba, ta dawo.

"Su ɗinka da haƙoransu," in ji Eikichi. "Ki zauna. Inda bakwai suka ci, takwas za su ci."

Matarsa tana tankaɗen gari, ba ta ɗago ba.

"Ni ban ce ta tafi ba. Amma matar da ba a gani a bikin ƙanwar miji ba, ai ta saki kanta. Su aiko mata da kayanta a kwali, sai kuma me? Ga sanyi na zuwa."

"Ya yi mini alkawari," in ji Kinuyo. "Bayan biki zai buga. In shiga asibiti."

"Alkawarin mai bututu ai hayaƙi ne."

"Mijina ne, Yaya."

Eikichi ya tofar da yawu a murhu, ya fita.

Jirgin yana sauka daga duwatsu tana kallon taga. Ta ga teku, ta ga bututu shida. Kafin a kira sunan tasha hannunta ya shiga jaka.

A layin kasuwa ta haɗu da Tome. Tome ta ajiye amalanken, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ji kumatu! Ashe kina da jini. To me ya dawo da ke?"

"Biki."

"Arba'in da bakwai suka tabbatar. Na zo da amalanken kamar yadda na ce, surukarki ta tare ni a ƙofa da murmushi har kunne, wai kin je shan iska. Kin san abin da aka rubuta wa gidanku? Mutum uku, duk lafiya lau."

"Yaushe za su dawo?"

"Bazara. In mun sake zaman baranda."

Katifa huɗu ake kai amarya da su, da barguna huɗu. Kinuyo ta zauna a ɗakin baya tana yagar auduga tana shimfiɗawa, ƙurarta tana tashi a hasken tagar. Kumatun da ta sauko da su ba su kai ƙarshen Oktoba ba. Ranar biki ta tashi tun duhu, ta dafa jar shinkafa da kifi na mutum arba'in, ta tsaya a madafa har aka watse. Wanda ya tambayi ina matar Shozo, aka ce masa mura take yi, tana gudun kada ta shafa wa amarya. Dangin ango suka yaba hankalinta.

Washegari da safe ta kawo wa Shozo shinkafa da miya. Kusa da kwanon ta ajiye takardar, da ɗan gwangwanin jar tawada a buɗe.

Ya ci rabin abincin kafin ya yi magana.

"Ke, saurara. A sabuwar shekara za a fitar da sunayen waɗanda aka ƙara wa girma. Shugaban sashe ya ce nawa yana ciki. Kin san abin da ke biyo baya? Gidan Kamfani a kan tudu. Iska tas, ko wanki ba ya baƙi a can. In muka koma, me za ki yi da asibiti?"

"Ka ce bayan biki."

"To yanzu ba bayan biki ba ne? Sabuwar shekara ma bayan biki ce. Mako shida. In na buga wannan yau, na zubar da shekara tara, kuma mu dawwama a gindin katanga. Don ke nake yi."

"Ba na kaiwa rijiya sai na zauna sau biyu."

"Sai Inna ta riƙa ɗebo ruwan."

Matsu ta yi tsaki daga madafa. Shozo ya rufe gwangwanin tawadar da yatsa ɗaya, ya tura mata.

Kwana uku da biki amarya ta zo gaida gida, da sabuwar riga da kwalin alewa. Kinuyo ta same ta ita kaɗai a soro tana cire takalmi. Ta tsaya a gabanta.

"Yaya, ban manta ba," in ji Harue, da murya ƙasa-ƙasa. "Sai dai surukata tana karanta jaridar garin nan kullum, har tallace-tallace. An ce lauyoyi sun shigo maganar, za a riƙa buga sunaye. In ta gani yanzu, za ta ce mun yi musu ƙarya. Ki bari in ɗan kafu a gidan. Kin dai gane."

"Na gane," in ji Kinuyo. Ta sunkuya ta juya mata takalman suka kalli ƙofa, yadda ake yi wa baƙo.

Sanyi ya shigo. Ta daina zuwa rijiya, sannan ta daina zuwa madafa. Farcenta ya koma kalar toka. Famfon da likita ya ce shida a rana, yanzu kwalbar maganinsa ba ta kai mako. Da ta ce a kira mata tsohon likita, Matsu ta ce mutumin nan bakinsa a kasuwa yake, kuma an ga lauyoyi na shiga wurinsa. Ta dafa mata citta da zuma. Shozo ya kan leƙo kafin ya fita aiki, ya faɗa mata kwanakin da suka rage kafin sabuwar shekara, kamar mai ba da albishir. Saura ashirin. Saura sha takwas.

Ran goma sha huɗu ga Disamba iska ta tsaya cak. Hayaƙin bai tashi ba, ya kwanta a kan rufin gidaje, rana ta koma kamar jan faranti. A ranar matan unguwa suka shirya zuwa ƙofar Kamfani, da tukwane da ludaya. Shozo ya fita tun da wuri, an sa duk 'yan sashensu su jeru a bakin ƙofa su tare hanya.

Matsu ta rufe tagogin katako na gaba, kada a ce gidan Isogai yana leƙe.

"Zan kai wa Harue kayan ƙarshen shekara," ta ce daga bakin ɗakin baya. "Ga shayi nan. Unguwa ba kowa, zan sa kwaɗo ta waje saboda ɓarayi."

"Inna, maganin ya kusa ƙarewa."

"In na dawo. Ki rage matsawa mana, ai ba alewa ba ce."

Wajen ƙarfe goma Kinuyo ta fara jin su. Tukwane tun daga bakin gada, da muryoyi, da ta Tome a sama da duka. Ta layinsu za su bi, don nan ce hanyar ƙofar Kamfani. Ƙirjinta ya riga ya rufe tun safe. Ta matsa famfon, ya ba ta ɗan ɗaci. Ta sake matsawa, iska kawai.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ajiye shi, ta zaro takardar daga ƙarƙashin matashi, ta sa a ƙirjin riga. Ba maganar hatimi a ranta yanzu. So take kawai ta fita titi, su gan ta. Mata ɗari ba za su wuce ta a ƙasa ba.

Daga ɗakin baya zuwa soro taku goma sha ɗaya ne. Ta yi huɗu a tsaye, sauran da gwiwa. A bakin soro ta zauna ta zura takalmi ɗaya, ɗayan ya yi mata nisa, ta bar shi. Ta kama ƙofar ta ja. Ƙofar ta motsa faɗin yatsa biyu, kwaɗon ya riƙe.

Ta wannan tsagar ta ga ƙafafu suna wucewa, da gindin amalanken Tome. Ta buɗe baki, ba iskar da za ta ɗauki sunan. Ta bugi katakon da tafin hannu, sau uku, ko huɗu. A waje mata ɗari suna dukan tukwane.

Da la'asar Matsu ta buɗe kwaɗon. Sai da ta sa kafaɗa ƙofar ta buɗu, don Kinuyo na kwance a jikinta.

Likitan asibitin Kamfani ne Shozo ya kira. Ya duba, ya rubuta cewa zuciya ce ta tsaya. Bai yi ƙarya ba, ta kowa ma tsayawa take yi. Kamfani ya aiko da zoben furanni mafi girma da aka taɓa gani a layin, aka kafa shi a bakin ƙofa. Kafin yamma fararen furannin sun yi ɗigo-ɗigo.

Masu ta'aziyya suka yi ta yabon gidan, kuma ba su rasa abin faɗa ba. Ba wanda ya taɓa dukanta. Ba a hana ta abinci ba. An ba ta ɗaki nata ita kaɗai, an tura ta shan iska kan dutse, miji da kansa ya riƙe mata jaka. Matsu ta yi kuka har muryarta ta dushe, kuma kukan gaske ne. Kowa a gidan yana da dalilinsa, dalilin kuwa in ka ɗauke shi shi kaɗai yana da kai da ƙafa. A lissafin hukuma, unguwarmu ta rasa mutum biyar a wannan sanyin saboda hayaƙi. Mu da muka ɗauki gawa mun ƙirga shida.

Bayan an dawo daga ƙona gawa, aka ajiye tulun ƙashinta a gaban akwatin magabata. Tome ta zo da yamma, da baƙar riga ta aro wadda ta yi mata kaɗan. Ta kunna turare, ta haɗa hannu, ta daɗe. Sannan ta juyo ta fuskanci Shozo.

"Sannu da haƙuri, Shozo-san. Ba zan yi kwana-kwana ba. Lauyoyi suna haɗa sunayen waɗanda suka mutu, za a shigar kotu. Tsohon likita ya ce zai tsaya ya yi shaida a kanta. Yardar gida kawai ake jira. A ƙirga ta, ko yanzu."

Shozo ya dubi uwarsa. Ya dubi tulun. Idanunsa sun yi ja, kwana uku bai yi aski ba.

"Tome-san, ƙashinta ko hucewa bai yi ba. Ba cewa na yi a'a ba. Ki bari a cika kwana arba'in da tara, a yi mata addu'ar ƙarshe. Sai mu zauna."

Tome ta yi lissafi a yatsunta, a fili, yana kallo. Kwana arba'in da tara ya tsallake sabuwar shekara da wata guda cur.

Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. A soro ta sa takalmanta ba ta juyo ba.

"To," ta ce. "Yanzu kam ai tana iya jira."